GIDAN TANA: Yadda A Ke Samun Taki Mai Tsabta Domin Lambu

Zuwa ga Dagatai da Masu Unguwa, da dukan manoma masu karatu na kewayen Birnin Kano, musamman na wajen Sharaɗa da Challawa da Bompai. Wanda takardan nan ta shiga hannunsa ya karanta wa maƙwabtansa.

Ba sai an koya wa Bakano amfanin taki ba. Tun zamanin kakanni jakuna ke shiga birni da itace, su fito da mangala cike da shara, a kai gona a zuba tsibi tsibi kafin saukar damina. Wani Bature mai suna Michael Mortimore, shi da abokin aikinsa, sun buga labarin wannan al'ada a 1965, suka nuna yadda a ke noma gonakin kewayen Kano kowace shekara ba hutu, ƙasa kuwa ba ta gaji ba. Asirin abin taki ne. Amma sharar da jakunan nan suka sani, watau toka da kashin awaki da tattaka da ɓawon gyaɗa, ba ita ce ta yau ba. Ta yau in ka tona sai ka tarad da leda, da mataccen batir, da fasassun kwalabe, har da allurar da aka yi wa majinyaci aka yar. Takin zamani kuwa tun daga 2022 kuɗinsa ya yi tashin da ƙaramin mai lambu ba ya iya cim masa.

Ga kuma wani abu da ya shafi ku mutanen wuraren nan uku fiye da kowa. Bompai ita ce unguwar masana'antu ta fari a Kano, sa'an nan Sharaɗa da Challawa suka biyo baya. Masana'antu da yawa sun rufe, amma majemun fata na zamani da waɗansu suna nan suna aiki. Ruwan da ya fito daga Bompai ya kan bi rafin Getsi ya faɗa Jakara, har zuwa madatsar Wasai. Na Sharaɗa ya kan bi Salanta ya faɗa kogin Challawa, wanda shi ma ke karɓar na tasa unguwar. A bakin waɗannan ruwaye a ke noman latas da alayyafo da karas da tumatir da mutanen birni ke ci. Majeman gargajiya na cikin birni da bagaruwa su ke jima, abin da ke fitowa daga itace. Majema ta zamani kuwa da gishirin wani ƙarfe ta ke yi, sunansa kuromiyam. Shi ne ke mai da fata shuɗiya-shuɗiya, kuma kowa ya ga tarin ƙanƙararta a bayan katangar majema ya san launin. Waɗansu manoma su kan kwashe ta su kai gona, don ta kan sa ganye ya yi kore shar. Gaskiya ne ta kan sa, gama fata nama ce, akwai abincin shuka a cikinta. Amma naman ya kan ruɓe ya ƙare, ƙarfen kuwa ba ya ruɓewa. Yana nan cikin ƙasa, bana a ƙara, baɗi a ƙara, har ɗanka ya gaji gonar da abin da ke cikinta.

Sabo da haka muka ga ya kamata mu bayyana wata hanya ta yin taki a gida, wadda mutum zai san duk abin da ya shiga ciki, tun da shi ya zuba da hannunsa. Hanyan nan kiwon tana ce.

WACE TANA CE?

Kowa ya san tana, wadda yara ke tonowa da damina su sa a ƙugiya. Kowa kuma ya ga ɗan tulin ƙasa murɗaɗɗe da ta kan bari a bakin raminta da safe. Wannan kashinta ne, shi ne kuwa abin da mu ke nema. Wani shaihin malami na Ingila, Charles Darwin, ya shekara da shekaru yana duba aikin 'yar halittan nan, ya buga littafi a kanta a 1881. Ya ƙiyasta cewa a wurare da yawa na ƙasarsu, abin da ke bi ta cikin tana kowace shekara ya fi tan 10 na ƙasa a kowace eka. Mutanen Kuba, sa'ad da takin zamani ya yanke musu bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, kiwon tana na cikin abubuwan da suka koma wa don su riƙe lambunansu. A Indiya kuwa sana'a ce ta ƙauyawa.

Amma ba kowace tana ke zaman akwati ba, nan ne kuwa masu farawa su kan yi tuntuɓe. Akwai mai nitsa can ƙarƙashin ƙasa, fara-fara, mai nawa. In ka sa ta a akwati, ko ta gudu ko ta mutu. Wadda a ke so ita ce mai zama a sama-sama, cikin ruɓaɓɓen ganye da tsohuwar kashin shanu. Ja ce mai duhu, bayanta na ƙyalli kamar wuyan tantabara, tsawonta ya kan kai taƙi, in ka taɓa ta sai ta yi ta mutsu-mutsu da ƙarfi. Masana suna ce da ita Eudrilus eugeniae. Asalinta 'yar Afirka ta Yamma ce, daga nan aka kai ta Amurka da Indiya a ke kiwo, mu kuwa da ke da ita muna takawa muna wucewa. Ta fi yawa a kudu inda ruwa ya yawaita. A nan sai ka neme ta a watan Yuli ko Agusta, a gindin ayaba, ko ƙarƙashin tsohon juji mai inuwa, ko a bakin fadamar da ruwan masana'anta ba ya zuwa. Kada ka tono ta daga lambatu. In ka sami cikin hannu biyu ya isa farawa. Ƙwanta ya kan ƙyanƙyashe cikin kwana 12 zuwa 14, ƙaramar kuma ta isa yin nata ƙwan kafin wata biyu, don haka ba ta da wuyar yaɗuwa in ta sami wurin da ya yi mata.

GINA GIDAN

Tana ba ta da huhu, da fatar jikinta ta ke numfashi, fatan nan kuwa sai da laima. Ba ta son haske. Ba ta jure zafi. Wanda ya riƙe waɗannan uku ya san ginin gidanta, sauran duk dabara ce.

Sami akwatin katako mai tsawon ƙafa uku, faɗin ƙafa biyu, zurfin ƙafa ɗaya. Kada ka ƙara zurfi, gama a sama ta ke kiwo, faɗi ne ke da amfani. Huda gindinsa wuri goma ko fi, don ruwa ya tsiyaye. Wanda ba shi da akwati, tsohuwar randa da ta tsage ko babban kasko ya yi, har ma mu a ganimmu ya fi, domin kayan yumɓu su kan yi gumi su sanyaya abin da ke ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Mai lambu babba ya gina kwami da bulo a gindin mangwaro, ya yi masa daɓe da ɗan gangare da mafitar ruwa. Rabin duro na ƙarfe ba shi da kyau, da bazara tukunya ya ke zama. Duron roba kuwa, irin shuɗin nan da a ke sayarwa a bakin masana'antu, ka tambaya me ya taɓa ɗauka. In mai sayarwa ya yi ta kame-kame, ka bar masa kayansa.

Ɗora akwatin bisa ƙafafu huɗu, kowace ƙafa ka tsoma ta cikin gwangwani mai ruwa, sabo da tururuwa da cinnaka da gara. Sa kwano a ƙarƙashi ya tari abin da ke ɗiga.

Sa'an nan shimfiɗa. Fara da ɗan tsakuwa ko karan dawa a gindi. Bisansa ka zuba busasshen ganye da yagaggen kwali da ɓawon gyaɗa, waɗanda aka jiƙa suka kwana, har su kai rabin akwatin. A nan unguwannin masana'antu suna da nasu alheri, gama kwali ba ya yankewa a can, ga kuma ɓuntun shinkafa a injinan casa. Kwali mai sheƙi da fenti dai a bar shi. Bisa shimfiɗa ka zuba kwarya ɗaya ta tsohuwar kashin shanu ko ta awaki, ka barbaɗa ɗan ƙasa cikin hannu biyu, don tana ba ta da haƙori, da yashi ta ke niƙa abinci a cikinta kamar ƙundun kaza. Ka damƙi shimfiɗan nan ka matse. In ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, daidai ke nan. In ya zubo, ruwa ya yi yawa, ƙara busasshen kwali. Bar shi kwana uku, ka cusa hannu. In ka ji ɗumi, jira tukuna. In ka ji sanyi, zuba tanarka a sama, ita za ta shige da kanta. Rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, ka ɗora murfi mai ƙofofin iska, ka danne da dutse sabo da ɓera da jaɓa da ƙadangare. Kaji kuwa ba sai mun faɗa ba.

ABINCI

Wani zai ce, "Ai ɓawon doya da na dankali akuyata ke ci." Madalla, bar mata. Ba ma so a raba akuya da abincinta don tsutsa. Akuya ta ci ɓawo, tana ta ci kashin akuya, ka sami riba biyu. Abin da akuya ta raina shi za ka kai akwati: ruɓaɓɓen tumatir, da ɓawon kankana da na ayaba, da ganyen shayi, da ganyen kabeji da ya yanƙwane, da ɓawon ƙwai da aka dake. Mutanen wajen Bompai ga kasuwar 'Yankaba kusa da ku, inda ganye ke ruɓewa a banza kowace rana. Na kudu kuwa ga 'Yan Lemo a Na'ibawa. Sai dai a tsince leda, kuma kada a yawaita lemo da albasa da barkono.

Ga abubuwan da ke kashe ta. Na fari gishiri, don haka sauran miya da tuwo ba nata ba ne, mai da nama kuma su kan jawo ɓera da ƙuda. Na biyu toka. Wannan ya kan ba mutane mamaki, tun da toka taki ce mai kyau a gona, amma kaifinta na ƙona fatar tana. A gaya wa matan gida su ware sharar murhu dabam. Na uku ɗanyen kashi, musamman na kaji. Ɗanyen kashi ya kan yi zafi sa'ad da ya ke ruɓewa, na kaji kuma yana da wani tururi mai yaji da ke hallaka ta cikin dare ɗaya. Tara shi gefe, ka riƙa yayyafa ruwa kana juyawa har mako uku, in ya huce sa'an nan ka ba ta. Bayan gida na mutum ba ya shiga ko kaɗan.

A kan ce tana ta kan ci misalin rabin nauyinta a yini in ta saba da wuri, amma kada ka tsaya awo. Tona gefe ɗaya ka binne abinci, ka rufe. Bayan kwana uku ka duba. In ya kusa ƙarewa, binne wani a ɗaya gefen. In yana nan, ƙyale su. Gidan tana mai lafiya ƙamshin ƙasar farkon damina ya ke yi. In ya yi tsami ko ɗoyi, ka cika hannu ke nan. Daina ba da abinci mako guda, ka ƙara kwali, ka ɗan ɗaga shimfiɗar iska ta shiga.

Ruwan yayyafi na rijiya mai daɗi ne ko na sama. In na famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗe don maganin da ke ciki ya fita. Ruwan Getsi da na Salanta kada ya kusanci akwatin.

BAZARA

Littattafan Turawa a kan kiwon tana yawancinsu sanyi su ke tsoro. Mu a nan zafi ne abokin gaba. Tanan nan ta fi jin daɗi tsakanin digiri 25 da 30. In shimfiɗarta ta wuce 35 sai ta fara mutuwa, zafin Kano kuwa a watan Afril da Mayu ya kan haura 40. Akwatin da aka manta a rana tsakanin azahar da la'asar, shi ke nan, an yi hasarar aikin wata shida. Don haka tun watan Maris ka kai shi wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan, gindin itace mai duhuwa ko ɗakin ƙasa mai iska, ba ƙarƙashin rufin kwano ba. Ka jiƙa buhun sau biyu a yini, ka yayyafa ruwa a ƙasan wurin, ka rage abinci, gama abinci mai yawa shi ma wuta ne. Mai randa ya binne rabinta cikin yashi mai laima. Da hunturu kuwa iska ce ke busar da shimfiɗa, sai a kāre ta da zana, a ƙara buhu da dare. Za ka ga cinsu ya ragu a Disamba da Janairu, ba ciwo ba ne. Da damina a tabbata akwai rumfa, kada ruwa ya cika akwatin.

KWASAR TAKI

Bayan wata biyu zuwa uku za ka ga shimfiɗar ta koma baƙa, mai laushi, kamar garin shayi. Tura ta duka gefe ɗaya, ka yi sabuwar shimfiɗa a ɗaya gefen, ka riƙa sa abinci can kaɗai. Cikin mako biyu ko uku za su ƙaura, ka kwashe naka. Mai gaggawa ya juye a kan buhu da hantsi, ya yi tsibi tsibi. Tana za ta gudu daga haske ta nitse, sai ka riƙa kwasar sama kaɗan kaɗan, har ka iske su dunƙule a gindi, ka mai da su gida. In ka ga waɗansu 'yan ƙwayoyi kamar ƙwayar dawa, ƙwai ne, mai da su. Takin a shanya shi a inuwa ya sha iska, kada ya bushe ƙarau.

Kada kowa ya ruɗi kansa cewa akwati guda zai ciyad da gonar gero. Ba zai yi ba. Gonar hatsi sai takin turke da na makiyaya kamar yadda aka saba. Takin tana na wurin da kaɗan ke yin aiki ne: wurin renon irin tumatir da tattasai da albasa, inda a ke gauraya kashi ɗaya nasa da kashi huɗu na ƙasa, da ramin dashe, inda cikin hannu ɗaya ya isa kowane gindi. Ba ya ƙona saiwa kamar ɗanyen taki, yana kuma sa jigawa ta riƙe ruwa. Ruwan da ya ɗiga cikin kwano a sirka shi da ruwa mai yawa, a zuba a gindin itatuwa, ba bisa ganyen da a ke ci ɗanye ba.

TANA A MATSAYIN SHAIDA

Mun ji waɗansu na cewa in aka ba tana sharar majema, ta kan tsarkake ta. Wannan ba gaskiya ba ne, kada kuwa maganan nan ta yaɗu. Tana ta kan ruɓar da ganye, ba ta narkad da ƙarfe. Wani sashi na ƙarfen ya kan taru a jikinta, kaza ta ci ta, ku ci kazar. Sauran ya zauna cikin takin, har ya fi dā kauri, tun da tarin ya ragu ƙarfen bai ragu ba. Wanda ke shakkar abin da irin wannan guba ke yi, ya tuna da Zamfara a 2010, sa'ad da gubar dalma daga dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Dalman nan kuwa ita ce ke cikin batirin mota.

Amma akwai aikin da ta ke iya yi muku. In mai mota ya kawo muku taki, kuna shakkarsa, sami kwano mai faɗi, ka raba shi biyu da kwali. Gefe ɗaya zuba ƙasar da ka amince da ita, ɗaya gefen zuba irin ƙasan nan gauraye da takin da ka ke tuhuma, laimarsu ɗaya. Zare kwalin, ka ajiye tana goma a tsakiya, ka rufe, ka sa a inuwa. Bayan kwana biyu ka mai da kwalin, ka ƙidaya kowane gefe. In takwas ko tara sun guje wa sabon takin, ko ka tarad da matattu, kada ka saya. Ba mu muka ƙago wannan ba, irin gwajin da masana ke yi ke nan a ɗakunan bincike. Sai dai a lura: gudunta shaida ce, zamanta ba shaida ba ce. Gishiri da farar ƙasa da magani mai kaifi ta kan gane su nan da nan, amma ta kan iya zama da ƙarfe kaɗan ba ta nuna ba. Wanda ke son tabbaci sai ya ɗebi ƙasar gonarsa daga wurare biyar, ya gauraya, a kai ɗakin gwaji na Jami'ar Bayero ko na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru.

Dagatai da masu unguwa, ga naku. Ku sa ido ga motocin da ke juye kaya a gonaki da kududdufai da dare, ku rubuta lambarsu da rana da wuri, ku kai wa Hakimi da Ma'aikatar Muhalli. Duk takin da aka ga shuɗiyar fata a ciki, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, a hana shi sauka. Sa'an nan kowane dagaci ya zaɓi mutum ɗaya mai haƙuri, ko malamin makaranta da yaransa, ya fara akwati guda a damina mai zuwa. In ya tsallake bazara da tanarsa a raye, ya raba wa mutum uku iri, su ma su raba. Wanda ke da tambaya ya ga malamin gona na gundumarsa, ya zo da ɗan takin a ƙunshe a duba.